Babana Ya Hana Ni Ɗibar Jini na Biyu

Zuwa ga Malam Maharazu, mai filin shawarwari,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, kuma ka taimake ni da wuri, domin abin da ya dame ni ba ya jira. Ruwan farko ya riga ya sauka a ƙasarmu, in shuka ta kankama kuwa magana ta ƙare. Na daɗe ina karanta filin nan naka ina yi wa masu rubuto maka dariya a raina, ina cewa ta yaya mutum da hankalinsa zai kwashi sirrin gidansu ya kai jarida. To yau ga ni a layi. Ka sakaya sunana, ko da yake na san duk wanda ya san Gozaki zai gane ni tun bai kai tsakiyar takardar nan ba.

Ni likita ne, amma ba irin wanda ke wuni a asibiti yana duba marasa lafiya ba. Aikina a jami'a yake, kuma kashi biyu ne. Da safe ina gaban allo, ina koya wa samari masu karatun likita yadda ƙwayoyin cuta ke shiga jiki da yadda jiki ke yaƙarsu. Da rana ina ɗakin gwaji, ina binciken abin da muke kira garkuwar jiki, wato abin nan da ke cikin jinin mutum wanda ke sa cuta ta shigo gari ta kada wannan ta tsallake wancan. Tun rikicin da ya jawo yaƙin nan da ake yi, malamai da yawa sun tafi, saboda haka darasin mutum uku nake ɗauke da shi ni kaɗai. Ba ƙorafi nake ba. Ina son koyarwa, har matata takan ce allo na aura kafin ita. Amma binciken shi ne abin da ya sa na yi wannan dogon karatu tun daga Ibadan har Ingila, kuma cuta ɗaya na sa a gaba, sanƙarau.

Dalilina shi ne yayana Shitu. Muna yara, tabarma ɗaya muke kwana, ƙwarya ɗaya muke shan kunu. Wata bazara sanƙarau ya shigo gidanmu, wuyan Shitu ya sandare da safe, kafin rana ta sake fitowa an rufe shi. Ni ko ciwon kai ban yi ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina me ke jikina da babu a nasa. Na san ajali ne, na yarda, amma Allah da ya halicci ajali shi ya halicci sababi, kuma bai hana a nema ba. Yau muna da magani mai warkar da wanda aka kawo da wuri, amma rigakafi babu. Ba kuwa za a same shi ba sai an san abin da ke kare masu tsira.

Yanzu sai in gaya maka ko su wa ne iyayena. Mu Maguzawa ne, gidanmu babba ne a bayan Gozaki, kuma babana Maitama shi ne mai gida. Har gobe yana kan al'adar kakanninsa. Kafin shuka da bayan kaka shi ke yanka wa iskokin gida akuya ko zakara a gindin itacen da ubansa ya nuna masa. Ni na musulunta tun ina makarantar Midil a Katsina, bai kuma taɓa yi mini faɗa a kai ba. Abin da ya ce kawai shi ne, yaron da aka riga aka ɗauke ba a tambayarsa inda ya kwana. Da ma ba shi ya sa ni makaranta ba. An ce wa dagaci ya kawo yara, masu gari suka ɓoye nasu, sai ya turo ɗan aikensa gidan Bamaguje, aka kama hannuna ina tsakiyar korar tsuntsu a gonar dawa. Duk da haka ba mu taɓa ɓatawa da Baba ba. In na zo hutu yakan sa a dafa mini abincina daban, ya hana a miƙo mini giya, ya yi ta zolayata wai hannuna ya yi laushi kamar na jariri.

Ga yadda aikin yake, don ka gane inda gizo ke saƙa. In kana son ka san abin da jiki ya yi wa cuta, jini ɗaya ba ya gaya maka komai. Sai ka ɗebi na mutum kafin cutar ta zo, ka ajiye a sanyi, in ta zo ta wuce ka koma ga mutumin nan dai, ba wani ba, ka sake ɗiba, sannan ka gwada biyun gefe da gefe ka ga abin da ya ƙaru. Kamar manomi ne da ya auna rumbunsa kafin damina, in bai sake aunawa bayan kaka ba, ina zai san abin da gona ta ba shi? Jinin kuma ba wani mai yawa ba ne, bai kai cikin cokali biyu ba.

A kakar da ta wuce, lokacin da mutane suka gama kai auduga Funtuwa hankali ya kwanta, na shirya. Na ga babu inda ya fi dacewa da gida, tunda na san kowa, na san wa ke kwana ɗaki ɗaya da wa. Na bi ƙa'ida daidai, ban tsallake kowa ba. Na sami izinin hukumar En'e, na je na gai da dagaci, ya haɗa ni da ɗan aikensa ya tara mini mutane a ƙofar gidanmu. Na zo da ɗalibaina uku da motar jami'a da fulas na ƙanƙara. Mutum ɗari da 'yan kai suka miƙa hannu, namu da na maƙwabta. Ban gaya musu zan dawo ɗibar na biyu ba, domin na ga in na faɗa tun a ranar wasu za su tsorata, gara a bi abu daki-daki. Gwaggona Baturiya, ƙanwar Baba, wadda ta raine ni bayan rasuwar uwata, ita ta fara zama a kujera tana yi wa maza gori. Bayanta sai Nana, 'yar ƙanena Mamuda, yarinya 'yar shekara shida da ba ta rabuwa da ni in na zo gida. Ko kuka ba ta yi ba.

Baba yana tsaye gefe har aka gama, bai ba da hannunsa ba. Da za mu tafi sai ya kira ni bayan rumbu. Ya ce jini ba ruwa ba ne. Ya ce a wurinsu ba a fitar da jini da gangan sai an san wa ake ba, ko na kaza ne, domin kowane jini yana da mai karɓa. Ya ce kuma abin da ya gada, ya kuma gani da idonsa, shi ne duk wanda aka ba jini sau ɗaya sai ya dawo neman na biyu, in an hana shi ya ɗauka da kansa. Sai ya tambaye ni wa nake kai wa jinin 'ya'yansa, kuma ko zan dawo neman ƙari. Na yi dariya na ce ba kowa, kwalabe ne da firiji. Ya ce to abin ya fi muni ke nan, gara mai yanka wa wanda ya sani da mai zubarwa bai san wa ke lasa ba. Na ba shi haƙuri sama-sama na shiga mota, don ƙanƙara na narkewa.

Da bazara ta yi tsanani sanƙarau ya zo, kamar yadda na yi tsammani. Duk ƙarshen mako ina kan hanyar Funtuwa da magani, in sauke lacca ranar Asabar in kama hanya, in koma ranar Litinin ido jawur in tsaya gaban ɗalibai. Mutane da dama sun tashi a hannuna, har da waɗanda aka fid da rai da su. Amma Nana ta kwanta a tsakiyar mako, ba na nan, kafin saƙo ya iso ni an rufe ta. Malam, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Shitu ne ya sake mutuwa a gabana, ga shi wannan karon ina da takardun shaida har na Ingila, ba su tsinana mini komai ba. Na je washegari na yi gaisuwa, na juyo a ranar domin ɗalibai na da jarrabawa.

Yanzu ruwa ya sauka, cutar ta ja da baya, lokacin jini na biyu ya yi. A cikin mutanen nan akwai waɗanda suka kamu suka tashi, akwai waɗanda suka yi jinya hannu da hannu ba ta taɓa su ba, irina ke nan. Amsar da nake nema tun ina yaro tana cikin jijiyarsu. Makon jiya na koma da mota da fulas. Na tarar da gida wayam, mata sun kwashe yara sun shiga daji, maza sun watse gonaki. Baba kaɗai na samu a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce ai ya gaya mini. Ya ce mai karɓar nan nawa ya ɗanɗana, ya dawo ya ɗauki Nana ɗungurungum, yanzu kuma ga shi ya sake aiko ni. Na yi rantsuwa cewa allura ba ta jawo sanƙarau, na ce akwai waɗanda ban taɓa ba a Tsiga da Malumfashi sun mutu, akwai waɗanda na ɗiba suna nan garau. Ya ce shi bai san na Tsiga ba, jikarsa ya sani. Ya ce an rufe yarinya ba ta cika ba, wani sashe nata yana can cikin akwatin sanyi a garin da ba ta taɓa zuwa ba, kuma uwarta ba ta barci saboda haka. Daga ƙarshe ya ce in allurata ta ƙara shiga hannun mutum ɗaya a gidan nan, to ranar da ya mutu kada in zo, ya yafe ƙasar da zan zuba masa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ni da bakin musa masa. Ya ce zan dawo neman na biyu, ga ni na dawo. Duk bayanin da na yi sai ya zama shaida a kaina.

To ga inda nake. Shugaban sashenmu, dattijon Bature mai kirki, ya ce in haƙura da bana, in mai da hankali ga koyarwa, baɗi in Allah ya kai mu a nemi wani ƙauye. Wannan kam ba zan iya ba. Shekara guda ta ɗalibaina da tawa ta tafi a banza ke nan, kuma labari ya riga ya zaga kasuwanni, wane ƙauye ne zai karɓe ni? Dagaci da ya ji labari ya ce abu mai sauƙi, in faɗi rana ya turo mutanensa su tsaya, ya ga Bamagujen da zai gudu. Gwaggo Baturiya kuma ta tare ni a hanyar rafi tana hawaye, ta ce ita ba ta yarda ɗan da ta goya maye ne ba. Ta ce ranar kasuwa, in Baba ya tafi, za ta tara mini matan da suka amince da 'ya'yansu a bayan gonar rogo, in ɗiba in tafi ba wanda ya sani.

Malam, bari in gaya maka gaskiya, ba tambayarka nake ko in bar binciken nan ba. Ba zan bari ba, ko da zai ci rayuwata duka. Na yi wa kaina alkawari a kan kabarin Shitu, na sabunta a kan na Nana. Tambayata ita ce wacce hanya ta fi ƙarancin ɓarna, ta dagaci ko ta Gwaggo? Kuma in na bi ɗaya, kana ganin uba yana iya riƙe irin wannan magana har kabari? Ina son tsohon nan, Allah ya sani. Amma in na tsaya lallashi har aka shiga noma, ba mai ba ni hannu, abin da ke cikin jinin ma ja da baya zai yi. Ina sauraronka.

Naka,
Ɗan Bayan Gozaki
Mayu, 1969

*

Ɗana Likita,

Na karɓi takardarka, kuma kafin komai ina yi maka ta'aziyyar Nana, kai da Mamuda da uwar yarinyar da tsohonka. Allah ya ba ku haƙuri. Na fara da wannan ne da gangan, za ka ga dalili a gaba.

Ka ba ni hanya biyu ka ce in zaɓa. Ban zaɓi ko ɗaya ba, kuma ba don ina son ka bar aikinka ba ne. Riƙe shi da hannu biyu. Ƙasar nan na bukatar mutum mai taurin kai irin naka, wanda zai tsaya kan cuta ɗaya har ya ga bayanta, ya kuma koya wa na baya. Allurarka ba ta kashe Nana ba, kada ka bar wannan tunani ya kwana a ranka ko dare ɗaya. A nan gaskiya tana wurinka.

Amma tsohonka ma ba shirme yake yi ba. Ni Musulmi ne kamarka, ba na cewa akwai wani iska da ke shan jini a firijin jami'a. To amma cire iskoki daga maganarsa ka ga abin da ya rage. Mutum ya tambaye ka wa kake kai wa jinin iyalinsa, kuma ko za a dawo neman ƙari. Wane uba ne mai hankali ba zai yi wannan tambaya ba? Ni da nake zaune a birni da tabarau a hanci, da ita zan fara. Ka amsa ta farko da dariya, ta biyu kuwa ka san amsarta sarai ka haɗiye. Da tun a kaka ka ce masa, Baba, aikin nan sau biyu ne, yanzu da bayan ruwan farko, da dawowarka ta zama cika alkawari. Da ka ɓoye sai ta zama cikar duban tsoho. Kai da kanka ka ba shi sandar da ya doke ka da ita.

Sai kuma maganar ƙa'ida. Ka ce ba ka tsallake kowa ba, ka bi En'e ka bi dagaci. Ɗana, ka tsallake mai gida. Ka sake karanta takardarka ka ga wa ya zo ya kama hannunka a gonar dawa kana yaro. Ɗan aiken dagaci. Shekaru suka wuce, ɗan da aka ɗauke ya dawo, ga ɗan aiken dagaci a gabansa yana tara mutane a ƙofar gidan ubansa. Kana tsammanin waɗanda suka miƙa hannu ranar duk yarda suka yi? Wasu don kai suka yi, wasu kuwa layi suka gani irin na haraji suka bi. Tsohon ya tsaya yana kallo a gidansa kamar baƙo, ya kuma daure bai kunyata ka gaban ɗalibanka ba, sai da ya ja ka bayan rumbu. Wannan mutum ne mai son ɗansa. Zuwa da kai ya fi aike, balle a gidanku.

Saboda haka hanyar dagaci ka rufe ta, ka gode masa da ladabi. Za ka sami jinin bana, gaskiya ne, amma daga ranar duk wanda ya shigo yankin nan da allura, ko masu rigakafin cutar agana ne da ke yawo yanzu, daji za a shige masa. Rigakafin da kake mafarki, in Allah ya sa ka same shi, wa zai miƙo maka hannu ka yi masa? Hanyar Gwaggo kuwa ta fi ba ni tsoro. Ina ka taɓa ganin sirrin da mata goma da yara suka riƙe a gida ɗaya? Kafin a sauke tuwon dare ya isa kunnen tsoho. Kai ka shiga mota ka tafi, ita ce za ta zauna da ɗan'uwanta har ƙarshen ranta, kuma in wani yaro ya yi ko zazzaɓi ne bana, a kanta za a sauke. Matar da ta goya ka ba ta cancanci wannan sakayya ba. Ka gode mata, ka ce ta jira.

Ga abin da nake so ka yi. Ka nemi wanda zai riƙe maka darasi na 'yan kwanaki, jami'a ba za ta rushe ba. Ka bar motar aiki, ka bar fulas, ka bar ɗalibai, ka hau motar kasuwa daga Funtuwa kamar kowa. A duk tsawon takardarka na nemi inda ka zauna makokin Nana ban gani ba. Ka je ka juyo a rana ɗaya, zuwanka na gaba kuma da allura a hannu. Na san jarrabawa ce ta kira ka, amma su ba su ga jarrabawa ba, bayanka suka gani. Ka sauka ɗakin Mamuda, ka zauna da shi da matarsa, ka yi kukan da kake yi mini a takarda a gabansu. In an fita shuka ka ɗauki iri ka bi layi, hannun nan mai laushi ya ɗan sha ƙasa.

Bayan haka sai ka sami Baba shi kaɗai. Kada ka fara da Tsiga da Malumfashi, ka fara da cewa ya yi gaskiya, ka san za ka dawo ba ka faɗa ba. Sannan ka ba shi amsar da ya nema tun kaka. Jinin yana da mai karɓa, kuma kai ne. Ka gaya masa Shitu kake bi har yau. Na lura ka ba ni labarin Shitu tiryan-tiryan, ni da ban san shi ba. Anya ka taɓa gaya wa uban da ya haife shi cewa saboda shi kake wannan aiki? In yana da ƙarfin tafiya, ka roƙe shi ya bi ka ya ga ɗakin gwajin da idonsa, ya buɗe firijin da hannunsa, ya ga ba kowa a ciki. Gani ya kori ji. Kai malami ne, kullum kana fahimtar da 'ya'yan wasu abin da ido ba ya gani. Malamin da ɗalibi ya kasa gane karatunsa ba ɗan doka yake kira ba, sake bayani yake yi.

Kwalbar Nana kuwa ka mayar musu. Na san a wurinka tana da daraja, wataƙila ma ta fi sauran. In akwai gwajin da ya zama dole, ka nemi izinin Mamuda da matarsa a fili, in sun yarda ka yi, ka kawo ragowar da hannunka. In sun ƙi, ka kawo ta yadda take. Abin da za su yi da ita nasu ne, ba ruwanka da shiga yanka ko wani abin da addininka ya hana, kuma tsohon da ya hana a miƙo maka giya ba zai tilasta maka ba. Uwa ce ba ta barci. Likitan da zai iya ba ta barci ya hana, ban san sunan da zan kira shi da shi ba.

To in ka yi duk wannan ya sauko, ko da mutum ashirin ya bari aka ɗiba da yardarsu, ka zauna da shugaban sashenku ku ga abin da ashirin za su iya faɗa. In kuma ya ce a'a, to a'a ce. Jinin bana ya tafi, ka haɗiye ɗacin. Ka tambaye ni ko uba yana riƙe irin wannan magana har kabari. Wanda ya faɗe ta cikin fushi yakan sauko, amma naka a zaune ya faɗa yana gyaran fartanya. Kada ka gwada shi. Baɗi ka shiga kowane ƙauye ta ƙofa, ka gaya musu ɗibar sau biyu ce tun ranar farko, kuma ka ga ko mutanen da suka tashi a hannunka bana ba za su yi maka shaida a kasuwa ba. Shekarar ɗalibanka ma ba ta tafi a banza ba in ka tsaya gabansu ka ba su labarin nan yadda yake, ba ragi. Samari ne da gobe za su shiga gidajen mutane da allura, kuma wannan darasin babu shi a littattafan da ka zo da su daga Ingila. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Kada ka ɗauka ina cewa ka yi haƙuri ne don ban san zafin abin da kake bi ba. Ban taɓa faɗa a filin nan ba, amma 'yata ta fari, Bilki, sanƙarau ne ya ɗauke ta ina malamin elemantare, ƙannenta biyu na kwance kusa da ita ba abin da ya same su. Uwarta ta rasu ba ta daina tambayata dalili ba, ni kuwa ba ni da amsa. Saboda haka ni ma ina cikin masu jiranka, kuma na tsufa, jira ba ya yi mini daɗi. Duk da haka ina ce maka ka je ka shirya da ubanka tukuna. Ranar da ka gano abin da ke kare masu tsira, shi za ka fara gaya wa, yana da rai, a ƙofar gidansa. Ni ka rubuto mini daga baya.

Allah ya sanyaya zuciyar tsoho, ya ƙarfafi taka, ya sa a sami maganin abin nan ta hannunka.

Malam Maharazu